Mai Magana Shi Yi Tun Muna Tudu

Da masunta suka fito da Lubabatu daga gulbi, rigar ruwa, ta ceton rai, tana nan a jikinta, ɗaure tamau yadda aka ɗaura mata a mashigi. Nauyin gawar ya ba su mamaki, har ɗayansu ya sa wuƙa ya yanke igiyoyin rigar. Wuƙar ta taɓa ɗinki, ɗinkin ya ɓarke, abin da ya zubo kuwa ba soso ba ne. Ƙaiƙayi ne jiƙaƙƙe, ya sha ruwa ya koma kamar laka.

Kwale-kwalen Yahaya kututture ya daka daf da ƙetaren Gummi, ya kife da duk wanda ke ciki. Amma mutanen Tungar Rimaye 'ya'yan ruwa ne, har tsofaffi da masu goyo sun kai gaɓa da ransu. Mutum ɗaya ce ta sa rigar ruwa a jirgin nan, ita kaɗai ce kuma ba ta fito ba, ita da cikin da za ta kai awo.

Kafin a dawo daga maƙabarta gari ya gama shari'arsa. Wa ke ajiye rigunan? Yahaya. Wa ke tsare mutane kullum a bakin ruwa yana musu dogon bayani, har suka raɗa wa abin suna huɗubar Yahaya? Shi ne dai. Mutanen da ba su taɓa sauraron huɗubar nan ba sai don su yi dariya, yau su ne suka tuna kowace kalma. Samari suka fasa kwale-kwalen da gatari. Maigari Maccido ya ja Yahaya ya kulle a zaurensa, ya ce bayan sadakar uku zai miƙa shi ga hukuma. Samarin suka ce sun ji, amma ba da ƙafarsa zai isa Gummi ba.

Jibo ya iso washegari daga Nasarawa Burkullu, wandonsa duk taɓo. Mai bin sawu ne, wanda ake aika wa in an kore shanu ko an kwance jaki. Lubabatu 'yarsa ce ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunanta da bakinsa ba, kuma ba zai yi mata kuka a gaban mutane ba. Mijinta Auwalu, ɗan kabu-kabu, ya durƙusa a gabansa yana kuka har da majina.

"Baba, a ba mu shi kawai. Shi yak kashe ta."

Jibo ya ce, "Allah shi jiƙan ta," ya kau da kai. Wallahi shi ma so yake ya zama Yahaya ne. Da an gama, da ya san inda zai ajiye baƙin cikinsa ya koma gida. Amma tsawon rayuwarsa bai taɓa nuna ɓarawo da jin an ce ba. Ya roƙi Maigari a ba shi zuwa ranar sadaka, kuma a nuna masa rigar.

Wani saurayi ya ce, "Sawu cikin wagga marka? Kullum ana ruwa, tsoho, mi za ka gani?"

Jibo ya janyo rigar gabansa. Ya duba ɗinkin rigar, zaren buhu ne, an yi shi da basilla ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Ya damƙi ƙaiƙayin nan mai wari, ya zuba a aljihu.

* * *

Yahaya na zaune a kusurwar zaure, leɓensa a kumbure. Da ya ga Jibo ya yi yunƙurin tashi, ƙafa ta ƙi.

"Zamna," in ji Jibo. "Ina kake aje rigunan?"

"Rumfar mashigi, Baba. Ƙofar zana ce, ba kwaɗo."

"Kayan ceton rai, ba kwaɗo?"

"Wa za shi sace abin da ko kyauta ba a karɓa? Tun da mutanen ƙungiya sunka kawo su, sunka koya min bayanin, nike yi kullum. Maza su ce rigar mata ce. Mata su ce zafi gare ta. Ita kaɗai..." Ya shafa kumburarren leɓensa. "Tac ce min, Malam Yahaya, ni ɗiyar tudu ce, ban iya ruwa ba, ka ba ni mai kyau."

"Ka ba ta."

"Na zaɓa mata, Baba. Na tattaɓa su duka, na ɗauko wadda taf fi cika. Sauran sun ɗan lotse, ita ko ta yi ɓul-ɓul." Ya kifa kai a gwiwa. "Da hannuna na zaɓa."

Jibo ya ji kamar ya shaƙe shi nan take, don ya huta da jin wannan magana. Amma mutumin da ya cusa ƙaiƙayi a riga ba zai tsaya ya zaɓo ta ya miƙa wa mutum a gaban shaidu ba, kuma ya shiga jirgi ɗaya da ita. Ya fito ransa a ɓace, don ya rasa wanda ya zo da niyyar tsana.

* * *

Wasu suka ce to a duba Bala. Shi ma mai kwale-kwale ne, sun daɗe ba sa ga maciji da Yahaya, kuma an ga sabon soso a mazaunin jirginsa. Jibo ya same shi a gaɓa yana kwalfe ruwa da ƙwarya.

"Na san mi yak kawo ka," in ji Bala. "Ga shi nan, diba."

Jibo ya ɗaga soson. Ruwan ɗorawa ne, mai laushi, gefe guda da tabon fitsarin yara. Yankin tsohuwar katifa ne. Na cikin rigunan da suka rage a rumfa fari ne, mai tauri, ba ya shan ruwa.

"An ce kai ka fi kowa yi mishi dariya."

"Na yi, ba ni musu. Mutum shi tsare ka da rana tsaka, wai kada ka miƙe, wai kada ka ɗaure akuya ga hannu, kamar yau anka haife mu bakin gulbi. Na yi dariya. Amma ni in ɗauki rigar nan in kai ina? Ja ce wur, Jibo. Ka ratsa gari da ita, kafin ka kai gida yara sun bi ka da waƙa."

Jibo ya tsaya a kan wannan. Gaskiya ne, ba mai ɗaukar jar riga ya shiga gari ba a gan shi ba. Amma mutum da buhun ƙaiƙayi, wa zai ɗaga kai ya dube shi? Ashe ba rigar aka kai gida ba. Ƙaiƙayin aka kawo rumfa, aka yi aikin a can, wataƙila ranar Juma'a da mashigi ke zama wayam, soson kuma ya koma a cikin buhun.

Ya tambayi Bala wa ke da ƙaiƙayi a garin.

Bala ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Kowane gida da turmi."

* * *

Habsu, tsohuwar da ke tuya ƙosai a mashigi, ita ta ɗaura wa Lubabatu rigar, tunda namiji ba zai taɓa matar wani ba. Tun ranar ba ta hura wuta ba. Jibo ya same ta a ƙofar ɗakinta, hannuwa zube a cinya.

"Ni na ja igiyar, Jibo. Tac ce, Inna, ta matse ni. Nac ce haƙuri za ki yi, haka yac ce a yi, in ta yi sako-sako ruwa na zare ta. Na ƙara ja."

"Ba ke kinka cika ta ba, Habsu. Hwaɗa min wa da wa ke wurin."

Ta lissafa masa 'yan kasuwa, da mai akuyoyi, da wasu mata masu zuwa biki. Ta ce an yi ta yi wa yarinyar tsiya, wai ga amaryar gulbi ta sha ado, ita kuwa tana murmushi tana rufe baki da gyale.

"Ɗiyarka mai jin magana ce. Kowa na surutu, ita ta kasa kunne kamar ana karatu. Mijin ma, Allah sarki, shi yak kawo ta bisa babur. Bai ko juya ba, yana nan tsaye bayana har Yahaya ya ƙare huɗuba, har jirgi ya tashi. Da ma ajewa yake shi wuce, ran nan kamar ya san ba su ƙara ganin juna."

Ta fashe da kuka. Jibo ya bar ta, ya koma mashigi ba tare da sanin abin da zai nema ba.

* * *

Ranar sadaka da safe aka ɗan sami rana. Jibo ya tsuguna a bayan rumfar mashigi yana duban ƙasa, duk da ya san aikin banza ne. Ruwa ya wanke komai. Ba dunduniya, ba tayar babur, ba ko sawun kaza. Mutumin da ke gane saniya mai ɗingishi a kan tsakuwa, yau ga shi ya kasa yi wa 'yarsa abin da yake yi wa jakunan mutane. Ya ji haushin kansa, ya ji haushin gulbin, da garin, da ranar da ya yarda ta yi aure a bakin ruwa.

A nan idonsa ya sauka kan wasu 'yan tsirrai a gindin zana. Ba ciyawa ba ce. Hatsi ne, bai wuce tsawon yatsa ba. Wa zai shuka hatsi a bayan rumfa, a ƙarshen damina? Ya ɗaga kai kaɗan, ga wani a gaba. Ga wasu uku a cure. Ga wani can, a bakin hanya.

Ya miƙe a hankali. Duk iya sussukar mace, ƙaiƙayi ba ya rasa 'yan ƙwayoyi. Buhun mutumin nan yana da huda, ya yi ta zuba a hanya bai sani ba. Ruwan da ya shafe sawunsa shi ne ya tsirar da wannan.

Ya bi. Layin ya bar babbar hanya ya kama wata 'yar siririya ta bayan gari, inda akuyoyi ba su cika bi ba. Wani wuri ya ɓace, sai Jibo ya zagaya ya sake kama shi a gaba. Inda mai buhun ya tsallake kwata, tsiron ya yi yawa a wuri ɗaya, don a nan buhun ya girgiza. Ya wuce bayan gidan Bala bai tsaya ba. Ya wuce masallaci.

Jibo ya sa hannu a aljihu don ya share zufa da ƙyalle, sai ya taɓo ƙaiƙayin nan. Ya bushe. Ya baza shi a tafin hannu, ya hure ƙurar, sai ga 'yan gashi masu tsini a jikinsa. Gargasa ce, hatsi mai gashi da tsuntsu ba ya so. Mutanen bakin gulbi ba sa shuka ta. Shi ke shuka ta a tudunsa, shi kuma ya aiko wa 'yarsa dammuna da farkon damina, da ya ji tana da ciki, don ta riƙa shan kunu.

Ya mai da ƙaiƙayin aljihu. Da zai iya, da ya juya. Amma ya bi sauran layin har inda ya ƙare, a wata ɓaraka ta dangar gidan Auwalu. Ta ɓarakar yana hango turmin 'yarsa a kife, da tarin ƙaiƙayin da ita da kanta ta sheƙe. A gefe babur na jingine a inuwa, sirdinsa da sabuwar leda baƙa, an ɗinke gefenta da zaren buhu.

* * *

Bayan an shafa addu'a, Jibo ya roƙi Maigari kada kowa ya watse. Aka fito da Yahaya, samari suka fara gunaguni. Bala na tsaye a bakin zaure, Habsu na bayan zana tare da mata. Auwalu na kan tabarmar masu karɓar gaisuwa. Jibo ya sa aka turo babur ɗin Auwalu aka kafe a tsakiyar fili, ya ce za a yi aike ne.

"Yahaya, yi muna huɗubarka."

"Baba..."

"Yadda ka yi ran nan. Kada ka rage komi."

Yahaya ya fuskanci mutane. "Jama'a, ku saurara. Kowa shi zamna inda na aje shi. Ba a miƙewa, ko hula ta hwaɗa ruwa a bar ta. Mai goyo ta kwance, ta riƙe ɗa ta gaba. Mai dabba kada shi ɗaure igiya ga hannu nai. In jirgi ya karkata, kada a ruga gefe guda. Wanda bai iya ruwa ba, ga riga, ba abin kunya ba ne." Ya ja numfashi. "Mai magana shi yi tun muna tudu."

Karo na farko ke nan da aka saurari mutumin nan har ƙarshe ba wanda ya yi dariya.

Jibo ya zaro wuƙa, ya je ga babur, ya tsarge ledar sirdin. Farin soso ya leƙo, yanka-yanka, wani da guntun jan ƙyalle manne a gefe. Ya zaro ɗaya ya ajiye a gaban Maigari, ya zuba ƙaiƙayin aljihunsa a kusa da shi. Ya faɗi yadda ya bi tsiron daga rumfa zuwa danga, ya ce duk mai shakka ya je ya gani kafin akuyoyi su cinye.

Auwalu bai yi musu ba. Ya rarrafo ya kama ƙafar Jibo.

"Baba, wallahi ban yi don in cuci kowa ba. Ba mai sa su. Kowa ya sani ba mai sa su, rataye suke gara na ci. Don ita na yi. Hanyar nan duk rami ce, ga ta da ciki, kullum tana kukan baya. Nac ce bari in tausasa mata wurin zama."

Wasu daga cikin mata suka fara cewa Allah sarki. Mutanen Tungar Rimaye ke nan, da zafin kai da saurin tausayi, duk a yini ɗaya. Jibo ya juya ga babur. Ya dafa gaban sirdin, inda mai tuƙi ke zama, hannunsa ya nutse. Ya dafa baya, inda ake ɗaukar mutum, ya ƙwanƙwasa da yatsa, kowa ya ji ƙarar ƙarfe.

Matan suka bar cewa Allah sarki.

"Ka sata, wannan tsakaninka da hukuma," in ji Jibo. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ka yi ƙarya bisa gawa, wannan tsakaninka da Allah. Ka zuga yara su kashe bawan Allah wanga, shi ma yana da bakin da za shi yi ƙara. Ni abu guda nike tambaya. Habsu, ran nan ina yake tsaye?"

Daga bayan zana tsohuwar ta amsa. "Bayana."

Jibo ya dubi Auwalu. "Ka ga rigar da anka miƙa mata?"

Auwalu ya sunkuyar da kai.

"Ka gane ɗinkinka?"

"Baba, na ɗauka... kullum ana ƙetarewa lafiya. Nac ce yau ma..."

"Ka ji sa'adda yac ce mai magana shi yi tun muna tudu?"

Auwalu ya ƙara ƙanƙame ƙafar Jibo.

"Kalma guda, Auwalu. Ka ce a sake mata wata. Ko dalili ba mai tambayar ka. Ka ce ta yi mata ƙanƙanta, ka ce ba ka son launin. Kunyar a ce ka ɗauki soso ita taf fi maka nauyi." Jibo ya janye ƙafarsa daga hannun yaron. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun ranar suna, a gaban surukai da dukan gari. "Lubabatu na gabanka, tana murmushi, ana ja mata igiya, kana kallo."

Ya juya ya ba mutane baya.

Samarin da suka fasa kwale-kwalen Yahaya suka fara matsowa, da fuskokin nan nasu na shekaranjiya. Maigari ya daka musu tsawa, ya sa aka shigar da Auwalu zauren da aka fito da Yahaya. Ba wanda ya je ya ba Yahaya haƙuri. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, kowa na duban ƙasa.

* * *

Hanyar tudu ta yanke, dole Jibo ya ƙetare ya zagaya ta Gummi. Jirgin Bala kaɗai ya rage a mashigi. Yahaya na zaune a kan katakan nasa jirgin, hannu a haɓa. Rigunan da suka rage, masu kyau, suna rataye a rumfa, kuma yanzu ko kusa da su mata ba sa bi, wai rigar mutuwa.

Mutane suka duru a jirgi, wani na tsaye, wani ya naɗe igiyar tunkiya a wuyan hannu. Bala ya ɗauki gwangwala zai tura, sai ya tsaya. Ya dubi Yahaya.

"Zo ka yi musu bayanin."

Yahaya ya girgiza kai. "Wanda yaj ji ni, ka ga inda take."

Jibo ya shiga rumfar, ya ɗauko riga ɗaya, ya matsa ta da hannu biyu, ya bi ɗinkin da farce har ƙarshe. Ya sa, ya ja igiyar da kansa har ta matse shi. Shi ma ɗan tudu ne, bai iya ruwa ba. Ya zauna inda aka nuna masa, ja wur a tsakiyar mutane, ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya tashi ya ɗauko tasa.

Bala ya jira kaɗan ko wani zai ce wani abu. Ba wanda ya ce. Ya tura jirgin.